Kwamfutar Marigayi Hashimu

A tsakiyar tabarmar zaure Zakiyya ta dire kwamfutar, akwati da allo da igiyoyinsu, ta koma bakin ƙofa ta durƙusa.

Mati ya dube ta sheƙeƙe. Shi ne mai shagon buga takardu a Minjibir. Ita kuwa matar ƙanensa Hashimu ce, wanda ya rasu a Jidda bara. Tun da ta dawo gida da ɗanta Jamil da wannan kwamfutar tebur ta marigayin, ko gaisuwarta Mati ba ya amsawa sai da hanci.

Garka ce ta shiga tsakani. Mahaifinsu, Baba Khalilu, ya taɓa yin alkawari a gaban liman cewa garkarsa ta bakin rafi, mai ba da albasa rani da damina, kyauta ce ga jikansa namiji na fari. Sai Allah ya nuna ikonsa, aka haifi jikokin biyu rana ɗaya. Takardar asibitin Abba ɗan Mati ta ce ƙarfe goma na safe. Ta Jamil, ta asibitin Jidda, da liman ya karanto daga Larabci, ta ce sha ɗaya. Mati ya ce magana ta ƙare. Zakiyya ta taɓa buɗe baki sau ɗaya, ya ce mata maza na magana.

Yau bayan la'asar za a shaida kyautar. Mati har ya sayo irin albasa, yana cikin aljihunsa.

"Islamiyya zan ba wa kwamfutar nan sadaka saboda marigayi," in ji ta, kanta a ƙasa. "Amma agogonta a karkace yake, Yaya. A taimaka."

"Shago ya ƙone ne? Sai nan, sai yau?"

"Nan na fi so."

Ya yi tsaki. Da su biyu ne da tuni ya kore ta. Amma ga Baba Khalilu jingine da bango, ido ya yi rauni, kunne ma sai an ɗaga murya. Ga Liman Muhammadu Sani yana jan carbi. Ba ranar nuna rowa ba ce. Ya jawo wayar wuta daga solar masallaci ya jona.

Allon ya kawo haske. A kusurwar ƙasa agogo na cewa huɗu da rabi, alhali yanzun nan aka fito sallar azahar. Mati ya danna shi. Kwanan wata daidai, shekara daidai.

"Ko a jirgi ta lalace?" Zakiyya ta tambaya.

"Lalacewar tana kanki. Shekara shida a ƙasar mutane, a banza." Ya buɗe jerin garuruwan duniya, ya ɗauke ta daga Riyad ya ɗora a kan yankinmu na Afirka. Nan take agogon ya koma biyu da rabi. "Lokacin Saudiyya take bi. Sun riga mu da awa biyu."

"Ban ji ba, Yaya."

"Kurma ce ke?" Ya ɗaga murya har kajin ƙofar gida suka watse. "Na ce agogon Jidda yana gaba da namu da awa biyu! Kullum, tun da aka san agogo! Ko jakin kai taki ya san wannan!"

Liman ya daina jan carbi.

Mati ya miƙe yana karkaɗe hannu, ya ce ta kwashe tarkacenta tun ba a fara taruwa ba. Ba ta taɓa kwamfutar ba. Ko kallonta ba ta yi ba. Daga cikin mayafi ta zaro takardar haihuwar Jamil mai rubutun Larabci, ta rarrafa ta ajiye a gaban surukinta.

"Awa biyu, in ji Yaya," ta ce. "A cire daga sha ɗaya, Baba."

Tsohon ya lanƙwashe yatsu biyu a hankali, ya juya fuskarsa wajen muryar ɗansa.

"Tara," ya ce. "Irin albasar nan, Mati, ka kai wa Jamil. Shi ne wa."