Ƙahon da Bai Huta Ba

Muddin ƙahon tagullar nan na tashi daga ɗakin baya, ta san inda mijinta yake. Shi ya sa take ta cusa kaya a akwati, waya maƙale a kunne tun ɗazu.

"Yaya, ki tsaya da motar a bakin layi. Yana gwajin busa, ba zai ji fitata ba."

Shekara shida, ta haddace tsarinsa. Ya busa minti goma, ya ajiye ƙahon minti biyar don leɓensa ya huta. A minti biyar ɗin nan yake zagaye gida, ya bincike mata waya. A cikinsu ya taɓa karya mata yatsa.

"Ina jiyo busar," in ji yayarta. "Amma ke, tun da kika kira ni bai tsaya ba fa."

Ta dubi wayar. Minti ashirin da bakwai. Babu leɓen da zai jure haka.

Ƙahon na ta tashi a ɗakin baya lokacin da aka murza makulli a bayanta.

"Rikoda ce," in ji mijin a hankali. "Yau na huta sosai."