Gwandar da Fadila Ta Zaɓa wa Ango

Ruwan farko ya sauka a Minna, lambun unguwar Maitumbi ya cika da masu dashe. Al'adar lambun ce duk waɗanda aka sa wa ranar aure su dasa itace guda, a rataya masa allo da sunayensu.

Fadila, mai renon tsirrai a lambun, tana jera ledojin dashe sai ta ji sallamar da ta sani. Zikrullahi ne. Bara war haka da ita ya yi dashe, yau kuwa ga Kafayatu can bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Fadila, ki yi haƙuri da abin da ya wuce. Ke kika san itace. Zaɓa mana mai saurin 'ya'ya, Kafayatu gwanda take so."

"Mana?" Ta ɗago ta dube shi. "To, ango. An gama."

Ta wuce layi biyu ta tsaya kan wata doguwar gwanda da furanninta suka fara zubowa reto-reto. Ta san namijin gwanda ne, ko shekara nawa aka yi ana ban ruwa ba zai yi ɗa ko ɗaya ba. Hannunta ya ɗan tsaya. Sai ta jiyo dariyar Kafayatu.

Ta ɗauko ta miƙa masa.

"Kai, har da fure! Wallahi Fadila zuciyarki fara ce."

"Ka dinga ba ta ruwa safe da yamma, kar ka gaji," ta ce tana murmushi. "Kawo allon, da hannuna zan rubuta muku sunayen."