Bindigar da Ta Daina Jin Magana

Kai da kake cewa sa'a ce ta juya maka baya, gyara zama ka ji wani misali.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wani maharbi, dogo, mai fara'a, wanda bai taɓa yarda wani ya ɗura masa bindiga ba. Adaka ce irin ta da, ya gaje ta wajen kawunsa. Da kansa yake narka dalma a kasko ya mulmula harsashi, ya auna albarushi da ɗan ƙahon gada, ya tura tsumma ya danna da sanda, yana yi yana 'yan waƙe-waƙensa a gindin rumbu. In ya ɗaga ta kuwa, abin da ya nuna ya gama yawo. Saboda haka a shekarar da aladun daji suka gano gonakin rogon ƙauyen, suka riƙa tone su kamar an gayyato su aikin gayya, ba wanda ya ta da hankalinsa. Kowa cewa yake, ai muna da maharbi.

Sai bindiga ta ƙi. Ya yi kwanto da sassafe, ga jagoran garken nan tsaye ɓaro-ɓaro, ya saita, ya ja kunama. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe. Ko da hayaƙi ya washe sai ga alade yana tafiyarsa a natse, jela a sama, kamar mai yi masa gwalo. Ya sake komawa, haka aka yi. Yau harsashi ya ci ƙasa, gobe ya sare reshen da ba ruwansa. Rogon da mutane ke sa rai zai riƙe su kafin sabon hatsi ya shigo yana ta ƙarewa, gaisuwar da ake yi wa maharbi a hanya kuma ta fara gajarta. Hankalinsa ya tashi. Ya ƙara albarushi har bindiga ta kusa ɓalle masa kafaɗa, ya sake dalma, ya ɗaura laya a gindin bindigar don ko kambun baka ne, duk a ɗuri ɗaya. Abin bai gyaru ba. Daga nan ya saɓa ta ya nufi maƙera, wajen abokinsa na ƙuruciya, ya dangwarar da ita, ya ce bakinta ne ya karkace.

Maƙeri ya ɗaga ta, ya leƙa cikinta ta wajen hasken rana, ya tuntsure da dariya. Ya ce, "Wannan ai ta fi ni da kai miƙewa. Amma mutumina, miyar da ka zuba wa gishiri da kanwa da daddawa gaba ɗaya, in ta ɓaci wa za ka kama? Taɓa abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke."

Maharbi ya so ya yi fushi, sai ya ga maganar ta hau. Suka fita bayan gari, suka zana da'ira da gawayi a jikin wata tsohuwar kuka. Ya mai da awon albarushi yadda ya saba, bai taɓa komai ba, ya harba: gefe. Ya komo ga tsohuwar dalmarsa, ya harba: gefe. Ya share zufa, ya sa hannu cikin burgami, jakarsa ta fata, zai ɗauko tsumma, sai yatsunsa suka ji santsi. Ya tsaya cak. Shekara da shekaru wata tsohuwar rigar saƙi yake yaga yana toshe ɗuri da ita, auduga tsantsa, mai kauri, mai kama cikin bindiga tsam. Rigar ta ƙare, shi kuwa bai ɗauki abin a bakin komai ba, ya kwashi guntayen yadin da matarsa ta rage wajen ɗinki, irin mai sheƙi ɗin nan da in wuta ta taɓa shi sai ya ƙanƙance. Nan take ya ruga gida, tsofai-tsofai da shi, har takalmi ɗaya ya bari a hanya.

Da matarsa ta ji bayani, sai da ta dafa bango don dariya. Ta ce, "Ashe ƙyallen ɗankwalina ne ya ka da gwarzon daji! Malam, da ka tambaya ai da ba a kai haka ba." Ta janye wani tsohon gwado da take rufe tukunya da shi, ta miƙa masa. Ya koma gindin kuka, ya yage gefe, ya ɗura a natse, ya harba. Tsakiyar da'ira. Ya sake ɗurawa, harsashi ya bi sawun ɗan'uwansa. Maharbi ya ajiye bindiga ya shiga taka rawa, maƙeri na yi masa kiɗa da tafi da baki, kamar ba su ne masu furfura ba.

Da gari ya waye jagoran garke ya faɗi, sauran suka watse, ba a ƙara ganin sawunsu a fadama ba. Kafin azahar labari ya zaga ƙauye. Mata suka yi ta aiko da tsofaffin gwaduna da zannuwan saƙi, har ƙofar gidan maharbi ta koma kamar rumfar 'yan gwanjo, shi kuwa yana tsakiya yana shafa kowanne da yatsa, yana godiya, bakinsa ya ƙi rufuwa. Da aka tone rogo, kowane gida sai da ya kai masa nasa.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, ruwa ba ya tsami banza.