Gayaunar Matar Manomi

Kai da kake cewa kakanninmu ba su san darajar mace ba, saurari wannan misali.

An yi wani manomi a wani ƙauye da ke bakin fadama. A al'adar garinsu, gandu na gida ne baki ɗaya, amma kowace mace tana da gayaunarta da rumbunta, abin da ta noma nata ne. Wata shekara damina ta faɗi da kyau, sai ya nemi matarsa ta yarda a haɗe gayaunarta da gandu, a zuba gero zalla. Ta ce masa, "Maigida, na san ƙasar nan kamar yunwar cikina. Dankali da gurjiya take so. Ka bar mini ita." Ransa bai so ba, abokai kuma suka yi ta zuga shi, wai namiji ba ya neman yardar mace a kan gona. Amma ya san ubansa bai taɓa sa fartanya a gayaunar uwarsa ba sai da izininta. Ya haɗiye fushinsa, har ya ɗauki garma ya yi mata kunyoyi kafin ya shiga nasa aikin.

Gero ya yi kai, ana shirin girbi, sai fara ta sauka kamar hadari. Kafin rana ta faɗi gandu ya koma kara tsirara. Mutumin ya tsaya a bakin gona, hannu bisa kai, yana tunanin inda zai kai 'ya'yansa, don maƙwabta sun fara ɗaure kaya. Matar ta zo ta ja shi zuwa gayauna. Ganye duk an cinye, amma da ta kafta ƙasa sai ga dankali ɓul-ɓul, ga gurjiya ta nuna. Ba ta yi masa gori ko da kalma ɗaya ba. Suka tone tare, ta cika rumbunta, ta ciyar da gida har bazara. Ragowar kuwa ta ba shi ya ɗora wa jaki, ya ratsa daji zuwa ƙasar da fara ba ta kai ba, ya musanyo irin gero. Da ruwa ya sauka, shi yana gaba yana sara, ita tana baya tana jefa iri tana rufewa. Gidaje da yawa sun watse a wannan shekara, nasu kuwa hayaƙi bai daina tashi ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.