Tambayar da Barista Bai San Amsarta Ba

Barista ya yi furfura yana titsiye 'yan damfara a kotu, kuma bai taɓa yi wa mai shaida tambayar da bai san amsarta ba. Yau ga shi a baranda gaban tafintar kotun, yana ta murza hularsa ta lauyoyi.

Ta karkata kai tana nazarinsa. "Ranka ya daɗe, lafiya? Ina bakin da ke sa maƙaryata gumi?"

"Tambaya gare ni, Malama. Amsar ce ban sani ba."

"Kai ɗin?" Ta matso. "To, yi mu ji."

Ya haɗiye yawu. "Za ki aure ni?"

Ta sunkuyar da kai, murmushi na neman ƙwace mata. "Kaf kotun nan an san amsar. Kai kaɗai ne ba ka yi bincike ba."