Motar Zinatu Ba Ta Alwala

"Ba zan zaɓa ba," in ji Zinatu.

Malam Tanimu na ofishin lambar mota ya sake tura mata lambobin biyu, ɗaya da jinjirin wata, ɗaya da gicciye. Tun da sabuwar doka ta fito, dole kowace mota ta ɗauki alamar addinin mai ita, kuma masu wannan addinin kaɗai za ta ɗauka.

"Ƙanwata, ke da kika yi jami'a? Ga hijabinki har ƙasa. Ɗauki mai wata ki tafi."

"Yallaɓai, ni ce mai salla, ba motar ba. Ka taɓa ganin bas tana alwala?"

Mama Rifkatu mai kunun zaƙi, wadda Zinatu ke kai wa kasuwa kowace safiya, ta kwashe da dariya daga kan benci.

"Akwai farar lamba marar alama, amma mai ita ba ya hawa kwalta fa," in ji Malam Tanimu.

"Miƙo farar."

Ta hanyar burji suka bi, ita da Mama Rifkatu, mota na tsalle, suna ta shewa. A wani ƙauye yara suka rugo, suka leƙa lambar kafin su dubi fuskokinsu. Da ba su ga alama ba sai suka yi cirko-cirko, sun rasa irin gaisuwar da za su yi.

"Ku ce sannu mana, 'ya'yana!" Mama Rifkatu ta ɗaga musu hannu.

Tun daga ranar tayoyin Zinatu ba su sake taka kwalta ba, kuma kullum sai kasuwa ta kusa watsewa suke isa.