Ranar da Baba Ya Ce Kada In Motsa

Babana mai hoto ne a zangon Salaga. Wata la'asar, shekarar da gari ya rikice, ya tsayar da ni jikin katanga, shi kuma ya ba rana baya.

"Haka ake yi, haske ya sauka a fuskarki. Kada ki motsa, uwata."

Ta bayansa na hango mutum uku tafe da adduna. Shi idonsa na cikin kyamara. An ce kada in motsa, ban motsa ba.

A kafaɗa suka sare shi, jini ya fantsamo mini a riga. Ya rayu, amma hannun bai ƙara ɗaga kyamara ba.

Har yau in mai hoto ya ce "tsaya cak", ihun da ban yi ba ke shaƙe ni.